Dalilin Da Ya Sa Ya Kamata Matashi Mai Wayar Hannu Ya Koyi Rediyon 'Yan Sha'awa

Ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, ana cikin kwanakin farko na azumi, intanet ya yi rauni sosai a Najeriya, Ghana, Kodebuwa da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Manhajojin wasu bankuna suka ƙi buɗewa, masu POS suka zauna suna kallon na'ura tana juyawa ba ta fitar da rasit. Daga baya aka bayyana cewa manyan wayoyi huɗu da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, wato WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, su ne suka samu matsala. Gyaran ya ɗauki makonni.

Abin da akasarin matasa suka iya cewa a ranar bai wuce "sabis ya ɗauke" ba. A kashe data a kunna, a sa waya a yanayin jirgi a cire, a zare layi a goge a mayar. Daga nan dabara ta ƙare. Wayar da aka tara kuɗi wata da watanni aka saya ta koma tocila da agogo.

A duniya kuwa akwai mutanen da irin wannan katsewar ba ta hana su magana da wata nahiya. Kayan aikinsu akwatin rediyo ne, batirin mota, da doguwar wayar tagulla da aka ɗaure tsakanin bishiya da kan soro. Ba layi, ba data, ba kamfani a tsakani. Su ne masu rediyon 'yan sha'awa, wanda aka fi sani a duniya da sunan "ham". Wannan sha'awa ta cancanci matasa 'yan shekara 13 zuwa 19 su shige ta, domin ita ce hanya mafi araha da yaro zai fahimci abin da ke faruwa a cikin wayar da ba ya rabuwa da ita.

Mene ne rediyon 'yan sha'awa?

Ba gidan rediyo ba ne irin na FM da ake sa kiɗa da talla. Sadarwa ce tsakanin mutum da mutum: wannan ya yi magana ya saurara, wancan ya amsa. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ware wasu zanguna na musamman domin mutanen da ke son koyar da kansu fasahar rediyo, su yi gwaje-gwaje, su yi magana da juna, ba don neman kuɗi ba. Kusan kowace ƙasa tana bai wa 'yan ƙasarta lasisi tare da lambar kira wadda babu mai irinta a duk duniya.

Farkon lambar shi ke nuna ƙasar mutum. Ta Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar 5U, Ghana 9G, Kamaru TJ, Chadi TT, Sudan kuma ST. Idan wani a Japan ya ji lamba mai farawa da 5N, ya san daga Najeriya ake kiransa tun kafin a gaisa.

Sha'awar tana da dokokinta. Ba a kasuwanci a kai, ba a sa kiɗa, ba a ɓoye ma'anar saƙo da lambobin sirri, kuma dole mai magana ya riƙa faɗin lambar kiransa. Duk abin da aka faɗa, duk wanda ya murɗo wannan zangon zai ji. Ƙungiyar da ta haɗa masu wannan sha'awa a duniya, IARU, an kafa ta ne a birnin Paris a 1925, shi ya sa ake bikin ranarsu duk 18 ga Afrilu. A Najeriya ƙungiyar NARS ce ke wakiltar su a cikinta.

Wayar da ke aljihu ita ma rediyo ce

Wanda ya ji kalmar rediyo ya tuna akwatin kakansa, ya kamata ya sake duba wayarsa. Kiran waya yana tafiya ne a kan zangon rediyo, misali 900 ko 1800 MHz. Wi-Fi rediyo ne a kan 2.4 da 5 GHz. Bluetooth ɗin da ake haɗa abin sauraro da shi rediyo ne a kan 2.4 GHz. Taswirar da ke nuna wa mutum inda yake tana sauraron taurarin ɗan'adam na GPS ne a kan 1575.42 MHz. Sabis ɗin 5G da aka fara a Najeriya a 2022 yana kan 3.5 GHz. Wato wayar zamani kwamfuta ce da aka cusa wa ƙananan rediyoyi da dama da eriyoyinsu.

Tambayoyin da masu waya ke yi kullum, amsarsu tana cikin darasin farko na rediyo. Me ya sa 2G ke kamawa a ƙauye amma 4G sai an hau tudu? Me ya sa Wi-Fi na 5 GHz ya fi sauri amma ba ya ratsa bango kamar na 2.4? Me ya sa batir ke saurin ƙarewa a inda sabis ba shi da ƙarfi? Ta ƙarshen, alal misali, dalilinta shi ne wayar tana ƙara ƙarfin siginar da take aikawa domin turken sadarwa mai nisa ya ji ta, kamar mai ɗaga murya don na ƙarshen fili ya ji.

Akwai lissafi guda ɗaya da ke buɗe wannan ƙofa: a raba 300 da adadin MHz, abin da ya fito shi ne tsawon zango a mita. Siginar 900 MHz tsawonta kusan santimita 33 ne, shi ya sa eriyarta ke ɓuya a cikin waya. Siginar 14 MHz kuwa ta haura mita 21, shi ya sa eriyarta ke buƙatar waya mai tsawon kusan mita 10. Yaron da ya auna waya da tef, ya yanka, ya ɗaure, ya ji murya ta fito daga wata ƙasa, ba zai sake ɗaukar wannan lissafi a matsayin haddar jarrabawar WAEC ba.

Wannan ilimi yana da kasuwa. A Farm Centre da ke Kano da sauran kasuwannin waya, masu canza sikirin da batir suna da yawa. Wanda zai iya bin sawun sigina daga eriya har cikin allon waya ya gano inda ta maƙale, shi ne ake nema da fitila. Haka kamfanonin da ke kafa turakun sadarwa, masu haɗa intanet tsakanin gine-gine, da masu aikin jirage marasa matuƙi, duk suna buƙatar wanda ya san halin sigina a aikace.

Yara ne suka buɗe gajeren zango

Tarihin wannan fanni ya nuna cewa ƙuruciya ba ta hana a yi abin tarihi. A 1912, bayan nutsewar jirgin ruwan Titanic, Amurka ta yi dokar da ta kori 'yan sha'awa daga dogayen zanguna, ta tura su zangon mita 200 zuwa ƙasa. A lokacin ana ganin wannan yanki ba shi da amfani wajen sadarwa mai nisa. An ba su ne don su rage damun jiragen ruwa da sojoji.

Sai suka zauna suna gwaji. A watan Nuwamban 1923, Léon Deloy daga birnin Nice na Faransa ya yi musayar saƙo kai tsaye da Fred Schnell da John Reinartz a Amurka, karo na farko da 'yan sha'awa suka yi haka a tsallaken tekun Atlantika. Ranar 18 ga Oktoba, 1924, wani ɗalibi ɗan shekara 18 mai suna Cecil Goyder, yana amfani da tashar makarantar Mill Hill a Landan, ya yi musayar saƙon Morse da wani makiyayin tumaki mai suna Frank Bell a New Zealand. Nisan ya kai kusan kilomita 19,000, wato daga wannan gefen duniya zuwa wancan. Yankin da aka raina shi ne gajeren zangon da manyan gidajen rediyo suka rungume daga baya.

Misalan ba su tsaya a nan ba. Grote Reber, ɗan sha'awar rediyo a jihar Illinois, ya gina faranti mai faɗin kusan mita 9 a bayan gida a 1937, ya riƙa sauraron siginar da ke zuwa daga sararin samaniya, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ilimin taurari ta hanyar rediyo. Steve Wozniak, wanda ya ƙera kwamfutocin farko na Apple, ya samu lasisinsa tun yana yaro. Joe Taylor, wanda ya samu kyautar Nobel a fannin kimiyyar lissafi da makamashi a 1993, ya fara ne da haɗa rediyo da ɗaura eriyoyi a gidansu tare da yayansa lokacin suna samari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da dattawa suka riga suka sani

A ƙasar Hausa gajeren zango ba baƙo ba ne. BBC ta fara shirin Hausa a 1957, Muryar Amurka a 1979, ga Muryar Jamus, ga Rediyo Kaduna. Duk wanda ya taso a gidan da ake kama labaran safe da na dare ya ji ana sanar da mita 16, mita 19 ko mita 25. Dattawa sun san mitar da ke kamawa da hantsi da wadda sai bayan magariba, sun kuma san a ɗaura 'yar waya a kan eriya a jefa ta kan katanga idan murya ta yi ƙasa.

Abin da suka lura da shi kimiyya ce. Can sama, tsakanin kusan kilomita 200 zuwa 400, akwai wani sashe na iska da hasken rana ke cika shi da cajin lantarki. Siginar gajeren zango idan ta kai wurin sai ta lanƙwaso ta dawo ƙasa, tsalle ɗaya yana iya kai kilomita 4,000, ta sake tashi ta sake dawowa. Da rana akwai wani sashe a ƙasa da wannan da ke shanye ƙananan zanguna, da dare sai ya ɓace, shi ya sa tashoshin matsakaicin zango na nesa ke shigowa bayan faɗuwar rana. Ita kanta rana tana da zagayen ƙarfi da rauni na kusan shekara 11, kuma a watan Oktoban 2024 hukumomin NASA da NOAA suka sanar cewa zagayen da ake ciki ya kai ƙololuwarsa.

Bambancin kawai shi ne, kakanni sun tsaya a sauraro. Jikan da ya samu lasisi zai iya amsawa. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma wannan na cikin abubuwa ƙalilan na fasaha da yaro da kakansa za su zauna a tabarma ɗaya kowa yana da abin koya wa ɗan'uwansa.

Ga masu son kwamfuta da rubuta manhaja

Rediyon yau rabinsa manhaja ne. Wajen 2012 wasu masu bincike suka gano cewa wata 'yar na'ura mai kama da filash, wadda aka yi don kallon talabijin a kwamfuta, mai ɗauke da guntun RTL2832U, za a iya juya ta ta zama rediyo mai kama kusan komai daga 24 zuwa sama da 1,700 MHz. Ita ake kira RTL-SDR. Kuɗinta yana kai-kawo a wajen dala 30. Ana soka ta a kwamfuta, ko a wayar Android ta hanyar kebul ɗin OTG, a buɗe manhaja irin SDR++, sai mutum ya ga siginoni a kan sikirin suna gangarowa kamar ruwa. Gani ya kori ji: abin da malamin kimiyya ya zana a allo ga shi yana motsi.

A 2017 Joe Taylor ɗin nan da Steve Franke suka fitar da tsarin FT8. Kwamfuta ce ke aika ɗan gajeren saƙo a cikin daƙiƙa 15, ta saurara na daƙiƙa 15. Tana iya tsamo saƙon da ya nutse a cikin hayaniya har kunnen mutum ba ya jin komai. Saboda haka da wat 5 ko 10, ƙarfin da bai wuce na ƙwan fitila ba, ana tsallaka nahiyoyi. Manhajar da ke yin wannan, WSJT-X, kyauta ce kuma lambobinta a buɗe suke, duk mai koyon rubuta manhaja zai iya karantawa ya ga yadda ake gyara kuskuren saƙo da lissafi.

Sai sararin samaniya. Tashar ISS tana zagaya duniya a tsayin kusan kilomita 400, zagaye ɗaya cikin kusan minti 90, kuma tana bi ta saman Afirka ta Yamma. Tana da tashar 'yan sha'awa, kuma tun shekarar 2000 shirin ARISS ke haɗa ɗaliban makarantu da 'yan sama jannati su yi tambayoyi kai tsaye. Ana jin ta a kan 145.800 MHz. Lokaci zuwa lokaci tana aiko da hotuna ta hanyar sauti, wanda manhajar Robot36 ke mayarwa hoto a kan waya. Wucewarta ba ta fi minti 10 ba, sai an yi lissafin lokaci da alƙibla.

Mafi dacewa da wannan yanki shi ne QO-100. Na'ura ce ta 'yan sha'awa a jikin tauraron Es'hail-2 na ƙasar Katar, wanda aka harba ranar 15 ga Nuwamba, 2018. Yana tsaye wuri guda a sama, kusan kilomita 36,000, yana ganin duk Afirka, Turai, Gabas ta Tsakiya, daga gabashin Brazil har Thailand. Ana aika masa a kan 2.4 GHz, yana maidowa a kan 10 GHz. Abin daɗin shi ne, farantin dish irin wanda ke kan rufin gidaje da LNB ɗinsa suna iya kama shi idan aka saita, aka ba LNB ɗin wuta, aka haɗa da RTL-SDR. Tsohon dish da aka jingine a bayan ɗaki ya isa yaro ya saurari hira tsakanin Jamus da Indiya.

Ko ƙananan taurarin da ɗaliban jami'a suka ƙera aka harba a 2017, wato GhanaSat-1 na jami'ar All Nations da ke Koforidua da Nigeria EduSat-1 da jami'ar fasaha ta Akure ta shiga aikinsa, a zangon 'yan sha'awa suka riƙa aiko da saƙonsu. Wanda ke mafarkin aikin tauraron ɗan'adam, ta nan ake shiga.

Abin da masu suka ke cewa

Na farko za su ce, ga WhatsApp, me ya kawo wahala? Gaskiya ne, idan gaisuwa da ɗan'uwa a Saudiyya ake so, WhatsApp ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma mai kamun kifi da ƙugiya ya san hanyar kasuwar kifi. Abin da ake nema a nan shi ne sanin yadda saƙo ke tafiya, da iya haɗa hanyar da hannu. Amfanin wannan yakan fito ne ranar da komai ya tsaya. A watan Disamban 2004, wata Ba'indiya mai suna Bharathi Prasad ta jagoranci tawagar 'yan sha'awa zuwa tsibiran Andaman. Ranar 26 ga wata girgizar ƙasa da igiyar tsunami suka afka wa yankin, hanyoyin sadarwa suka lalace, tashar tasu ta koma isar da saƙonnin agaji da na iyalai zuwa sauran Indiya. A 2017, bayan guguwar Maria ta rusa turakun sadarwa a Puerto Rico, ƙungiyar agaji ta Red Cross ta nemi ƙungiyar ARRL ta Amurka ta samo mata masu rediyo 50. Misalin Bharathi kuma ya isa amsa ga mai cewa wannan harkar maza ce.

Na biyu kuɗi. Sabon akwatin gajeren zango mai wat 100 yana cin ɗaruruwan daloli, ya fi ƙarfin ɗan sakandare. Sai dai ba da shi ake farawa ba. Jami'ar Twente da ke ƙasar Holan tana da rediyon da ta buɗe a intanet, wanda duk mai burauza zai murɗa ya saurari gajeren zango kyauta, kuma akwai ɗaruruwan irinsa a tsarin KiwiSDR. Bayan haka sai RTL-SDR, wanda bai kai kuɗin sikirin ɗin wasu wayoyi ba. Babban akwati kuwa na kulob ne ko makaranta, yara 20 su yi tarayya a guda ɗaya.

Na uku karatu. Iyaye suna tsoron duk abin da zai ɗauke hankalin yaro daga littafi. Amma jarrabawar lasisi cike take da dokar Ohm, lissafin zango, da kiyaye haɗarin lantarki, abubuwan da ke cikin manhajar sakandare. A Amurka matakin farko tambayoyi 35 ne, ana cin jarrabawar da 26, kuma babu ƙayyadadden shekaru. Ƙasar tana da masu lasisi sama da 700,000. Haddar Morse da ke tsorata mutane ma, ITU ta cire wajabcinta a 2003. Ƙari a kan haka, yaron da ke gabatar da kansa ga baƙo a Italiya ko Brazil yana koyon Turanci da labarin ƙasa ba tare da an tsare shi da bulala ba.

Maganar tsaro

Suka ta huɗu ita ce mafi nauyi, kuma bai kamata a yi mata kwaskwarima ba. A watan Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara, daga baya a wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna, domin katse sadarwar 'yan bindiga. A yankin da ya ga irin wannan, matashin da aka tare a shingen bincike da oba-oba a jaka zai sha tambayoyi, kuma bayanin cewa sha'awa ce ba lallai ya fitar da shi ba.

Ga shi kuma ƙananan oba-oba irin Baofeng UV-5R suna da araha, ana sayar da su a intanet ba tare da an tambayi mai saye komai ba. Na'urar tana iya aikawa a kan 136 zuwa 174 MHz da kuma 400 zuwa sama da 500 MHz, alhali ɗan yanki kaɗan ne a ciki na 'yan sha'awa. Sauran na wasu ma'aikatu ne da hukumomi. Yaron da ya danna maɓallin magana ba lasisi ya karya doka, kuma yana iya shiga kan layin da rayukan mutane suka dogara da shi. Wanda ba shi da lasisi kada ya saye ta, kada ya yawo da ita.

Amma wannan hujja ce ta a tsara harkar, ba a binne ta ba. Mai laifi ba ya neman lasisi, ba ya faɗin lambar kiransa, ba ya son a ji shi. Ɗan sha'awa kuwa sunansa da adireshinsa suna hannun hukuma, maganarsa a fili take, yana kuma rubuta wanda ya yi magana da shi da lokacin. Hana yara sanin rediyo ba zai karɓe oba-oba daga hannun ɗan bindiga ba. Abin da zai haifar shi ne ƙasar da masu laifi suka san sigina, masu gaskiya ba su sani ba.

Ta ina za a fara?

Matakin farko sauraro ne, na watanni. Matashi ya buɗe ɗaya daga cikin rediyoyin intanet ɗin nan da yamma, ya je tsakanin 14.000 da 14.350 MHz, ya ji yadda ake kiran CQ, wato neman duk mai ji ya amsa, da yadda ake sallama da 73. A 14.074 MHz zai ji wani sauti kamar kukan tsuntsaye, FT8 ke nan. Ya samu littafi ya riƙa rubuta lambobin da ya ji, ya nemo ƙasashensu a taswira. Ya tsaya a zangon 'yan sha'awa da gidajen rediyo, ya bar na jami'an tsaro da sauran sadarwar da ba don jama'a aka yi ba.

Mataki na biyu haɗa eriya. Wayar tagulla, tef ɗin awo, da kebul irin na dish sun isa. A nan akwai gargaɗi biyu da ba a wasa da su: kada eriya ta kusanci wayar wutar lantarki ko da a ce faɗuwa ta yi, kuma da damina a cire kebul daga na'ura da zarar hadari ya taso.

Mataki na uku neman manya a harkar ta hanyar NARS ko takwararta a ƙasar da mutum yake, da bin hanyar lasisi. Masu sikawut suna da taron JOTA da aka fara a 1958, wanda ake yi a ƙarshen mako na uku na kowane Oktoba, inda yara ke magana a ƙarƙashin kulawar mai lasisi. Akwai kuma shirin matasa na YOTA, wanda ya yi sansaninsa na 2018 a Afirka ta Kudu.

Sauran aikin na manya ne. Kwalejojin kimiyya da fasaha, makarantun sakandare na kimiyya da cibiyoyin koyon kwamfuta da suka cika birane za su iya ware ɗaki ɗaya, da malami ɗaya mai lasisi, da sola da batir mai bolt 12. Hukumomin da ke ba da lasisi su wallafa sharuɗɗa, kuɗi da ranakun jarrabawa a fili yadda yaro a Gusau ko Zinder zai gani a wayarsa, su kuma sanar da jami'an tsaro yadda takardar take.

Masu sauraro kuwa suna nan suna jira. Akwai lambar yabo ta DXCC da ake bai wa wanda ya tabbatar da magana da ƙasashe da yankuna 100, kuma saboda ƙarancin masu lasisi a wannan yanki, tawagogi daga Turai kan yi takakkiya zuwa ƙasashe irin Nijar da Chadi da akwatunansu, su yi mako ɗaya ko biyu, dubban mutane na layi don su ji 5U ko TT. Ranar da yarinya 'yar aji biyar a Katsina ko yaro a Maraɗi ya kira CQ da lambarsa ta kansa, matsalar da zai fuskanta ita ce yadda zai tsara masu amsawa ɗaya bayan ɗaya.